Na Shekara 13 Ina Jan Mota Kafin Na Koyi Tuƙi

A babbar tashar mota ta Sakkwato mutane ƙalilan ne suka san sunan da mahaifina ya raɗa mini. Guguwa ake kirana, kuma na daɗe ina jin daɗin wannan laƙabi, domin a wancan zamani ma'anarsa ita ce babu direban da zai riga ni isa Illela idan muka tashi tare, kuma ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, ina iya yin sawu uku alhali abokan aikina suna fama da na biyu. Yau idan wani tsohon abokin sana'a ya ɗaga murya ya kira ni da wannan suna, gabana ne ke faɗuwa. Na rubuta wannan labari ne domin akwai wani yaro da ya shiga motata da ƙafarsa bai fita da ransa ba, kuma na yi imani cewa da na san abin da na sani a yau, da ban zama sanadin ajalinsa ta hanyar da na zama ba.

Ina da shekara 14 mahaifinmu ya rasu, karatuna ya tsaya a ƙaramar sakandare, kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani direba abokinsa ya ce ga amana. Haka na zama yaron mota, ko karen mota kamar yadda ake faɗa ba tare da sakaya ba. Aikina shi ne wanke mota da asuba, duba ruwa da baƙin mai, ɗaure kaya, kiran fasinja, da sa katako a bayan taya idan an tsaya a gangare. Maigidana mutumin kirki ne, ba zan taɓa faɗin akasin haka ba. Shi ya koya mini tsare salla a kan hanya, shi ya hana ni taɓa kuɗin da ba nawa ba, kuma yana iya gane ciwon inji daga ƙararsa kawai. Sai dai shi ma a tasha ya koyi mota, a hannun wani dattijo da ya fara tuƙi tun lokacin da ake bin hannun hagu a Nijeriya, kafin a koma hannun dama a 1972. Abin da aka ba shi ya ba ni, bai rage ba, bai kuma ƙara ba.

Darasina na farko shi ne matsar da mota daga layi zuwa wurin lodi. Daga nan sai ya riƙa ba ni sitiyari idan mun fita gari kuma hanya ta yi shiru, yana gefe yana cin goro yana cewa in taka kuloci, in sa giya, in saki a hankali. Cikin 'yan watanni hannuna ya faɗa. Ban taɓa jin ya fassara mini wani allo na gefen hanya ba, bai taɓa gaya mini bambancin farin layi mai tsinke-tsinke da wanda ya miƙe ba yankewa ba, kuma ban tambaya ba, domin ban san abin tambaya ne ba. Dokokin da na haddace a bakinsa uku ne: hanya ta mai zuciya ce, ƙaramar mota ita ke kauce wa babba, kuma idan ka ga abin tsoro ka danne birki da iyakar ƙarfinka. Wannan doka ta uku ita ce ta juya motata shekaru da yawa bayan haka.

Lasin kuwa a tasha ya same ni. Na ba wani mutum hotunana da kuɗi, bayan mako biyu ya kawo mini kati. Babu wanda ya gwada idona, babu wanda ya zauna a gefena ya ga yadda nake shan kwana, babu wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Na sa katin a aljihu ina jin na zama cikakken direba, mahaifiyata ta yi sadakar masa don murna.

Ina tuna lokacin da aka fara tilasta ɗaura bel a 2003. Mu direbobin haya mun ɗauke shi wata sabuwar hanyar takura wa talaka, sai muka ƙirƙiro dabara: idan muka hango jami'an kiyaye haɗurra, sai mutum ya jawo bel ɗin ya ɗora a ƙirji ya danne bakinsa da cinya, da an wuce ya sake shi. Haka muke yi da kowace doka. Motar da aka ƙera don mutum 5 har da direba, muna zuba mutum 4 a baya, 2 a kujerar gaba, but kuma a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Muna shan gaban mota a kan kwana da kan tudu, muna dogara da oda da ƙyafta fitila. Da dare muna barin babbar fitila a idon mai zuwa, idan ya rama mu ƙara. Idan barci ya zo, a sha shayi mai kauri ko a tauna goro, wasu kuma su haɗiyi ƙwaya. Na shekara 13 a haka ban yi haɗarin da ya wuce gogar fenti ba, kuma wannan dogon sa'a shi ya fi komai cutar da ni, domin duk ranar da na dawo gida lafiya sai na ƙara tabbata cewa gwaninta ce ta dawo da ni.

Abin ya faru ne a tsakiyar bazara, irin lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta ta riƙa walƙiya kamar an zuba mata ruwa. Mako uku kafin ranar na sayi taya ta gwanjo na sa a gaba ta hannun dama. Zanenta bai cinye ba, shi kaɗai na duba. Da na kai ta wurin mai faci ya shafa gefenta da yatsa ya nuna mini wasu ƙananan tsage-tsage kamar faso, ya ce, "Maigida, wannan tayar ta bushe." Na ce masa ya sa iska kawai, ni na san kayana. Ya sa iskar da ka, na doki tayar da ƙafa na ji ta yi tauri, na biya shi na tafi.

Ranar Lahadi ce, sawu na uku, bayan azahar. Daren jiya ban yi barcin da ya kai awa 4 ba. A baya akwai wata dattijuwa da jikarta da 'yan kasuwa biyu. A gaba akwai wani mutum mai jiki a bakin ƙofa, sai wani saurayi siriri da bai wuce shekara 20 ba, wanda aka matse a tsakiya, rabin jikinsa a kan kujera rabi a kan birkin hannu. Yana rungume da wata jakar leda mai zif cike da takardu. A irin wannan zama babu maganar bel ga kowa, domin kujera ɗaya ce mutum biyu suka raba. Da muka wuce Kware hanya ta buɗe, na taka mota. Allurar da ke nuna gudu ta daɗe da mutuwa ban gyara ba, amma yadda na san jikin motar, na haura kilomita 120 a awa. Dattijuwar ta ce, "Direba, don Allah rage gudu, muna da ɗiya gida." Na amsa mata ina dariya, "Inna, kwantar da hankalinki, wanda kwanansa bai ƙare ba ba shi mutuwa." Saurayin kuma ya yi magana sau ɗaya tak a duk tafiyar, cikin ladabi, ya ce, "Yaya, giyar nan tana bugun gwiwata." Na ce masa ya yi haƙuri, yanzu za mu isa.

Ba mu kai Gwadabawa ba na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin motar. Sitiyari ya fizge zuwa dama. Ƙafata ta yi abin da aka koya mata tun ina yaro, ta danne birki har ƙasa, hannuna kuma ya murɗe sitiyarin hagu da ƙarfi. Motar ta juya gefe, ta tashi, ta yi ta wuntsilawa har ta tsaya a kan rufinta a cikin wata gona kusa da wata itaciyar aduwa. Da na farfaɗo ina kwance a ƙasa, cinyata ta karye, ƙashin kafaɗata ma haka, bakina cike da yashi. Mutane sun taru daga gonaki da motocin da suka tsaya, ana jan waɗanda suka maƙale ta taga, ana salati. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne takardu, farare, sun watsu a kan kunyoyin gonar, iska mai zafi tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta zo ta maƙale a hannuna, na ga hoton saurayin nan manne a kusurwarta, takardar neman shiga makaranta ce. Shi kuwa gilashin gaba ya fita da shi, an same shi can nesa da motar, an riga an rufa masa rawanin wani bawan Allah.

Na yi mako 6 a gadon asibiti. Sauran fasinjojin sun ji raunuka amma Allah ya tashi kafaɗarsu. Duk wanda ya zo duba ni magana ɗaya yake yi: ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, taya ce ta fashe, wa ya isa ya hana taya fashewa? Na riƙe wannan magana da hannu biyu domin ita kaɗai ke ba ni damar runtsawa. Shugabannin ƙungiyarmu ta direbobi suka shiga tsakani, iyayen yaron suka ce ba su neman komai, maganar hukuma ta mutu a nan.

Da na fara takawa da sanda, kawuna ya ce dole mu je mu yi ta'aziyya da bakinmu. Ƙauye ne a ƙasar Gwadabawa, mahaifin manomin albasa ne, dattijo mai farin gemu da ƙarancin magana. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo mana fura. Na kasa ɗaga kai, na kasa haɗa kalmomin da na kwana ina shiryawa. Shi ne ya fara magana, ya ce, "Ɗana, mun yahe maka duniya da lahira, ba mu son ko kwabo. Abu guda nika son in sani. Cikin motar nan, mi yac ce maka?" Na so in ƙirƙiro masa wata magana mai daɗi, amma harshena ya ƙi. Na gaya masa gaskiya, cewa ya ce giya tana bugun gwiwarsa, ni kuma na ce ya yi haƙuri. Dattijon ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce, "Haka yake, mai haƙuri ne tun yana ƙarami." Ya gaya mana cewa shi ne na farko a gidan da ya gama sakandare, kuma albasar rani aka sayar aka ba shi kuɗin mota da na takardu. A zauren nan ne na fara jin sunansa, bayan wata biyu da mutuwarsa a hannuna.

Bayan mun dawo na je wurin malamin da muke ɗaukar karatu a zaurensa a unguwarmu, ina tsammanin zai ƙara mini irin lallashin da na saba ji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya fara yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba. Ya ce tayar nan, an nuna mini lahaninta kafin ranar? Na ce an nuna. Ya ce mutum nawa aka yi motar ta ɗauka, nawa na ɗauka? Na faɗa. Ya ce akwai wanda ya roƙe ni in rage gudu? Na ce akwai. Sai ya ce, "Malam, ajali gaskiya ne, babu mai ja da shi. Amma kai ba a kan ajalinsa za a tambaye ka ba, a kan amanar da ka karɓa za a tambaye ka." Ya kawo mini hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya karanta mini aya ta 92 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi hukuncin kisan kuskure, ya bayyana mini cewa diyya haƙƙin iyalin mamaci ce, suna da ikon yafe ta kuma sun yafe, amma kaffara tana nan a wuyana: azumin wata biyu a jere, idan na sha ko da rana ɗaya ba tare da uzuri ba sai in sake daga farko.

Na yi azumin bayan na warke. Wata biyu ba na tuƙi, ba na zuwa tasha, matata ce ke riƙe da gidan da ɗan abin da take samu a sana'ar ƙuli-ƙuli. A cikin waɗannan kwanaki ne na daina cewa taya ta fashe, na koma cewa na sa taya busasshiya a mota, na yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, na kore ta a kan kwalta mai zafi. Amma akwai tambayar da ta ƙi barina: tayoyi suna fashewa kullum a hanyoyinmu, me ya sa wasu motocin ke tsayawa lafiya, tawa ta wuntsila? Na tambayi tsofaffin direbobi, kowa ya ce sa'a ce. Ban gamsu ba.

Wannan tambaya ce ta kai ni makarantar koyon tuƙi ina da shekara 34, ina zaune a benci ɗaya da 'yan mata ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Abokaina a tasha sun yi ta mamaki, wasu suka ce haɗarin ya taɓa mini kai. Malamin da ke koyar da mu ya girme wa ƙanena da kaɗan ne kawai, kuma a ranar farko na gaya masa cewa ni tsohon direba ne, na kuma gaya masa abin da ya kawo ni. Bai raina ni ba, bai kuma rage mini komai ba. A mako na farko ya amsa tambayar da ta hana ni barci. Ya ce idan taya ta fashe ana cikin gudu, musamman ta gaba, babban kuskure shi ne danne birki da fizgar sitiyari, domin nauyin motar gaba ɗaya zai koma kan ƙafar da ta mutu, ta tokare ƙasa, motar ta juya. Abin da ake yi shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta, sai ta yi sanyi sannan a taɓa birki sannu-sannu a gangara gefe. Ya faɗi wannan cikin abin da bai kai minti biyu ba. Na fita waje na zauna a gindin bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a zauren dattijon nan, domin na ga cewa ilimin da zai iya tsayar da motata a kan ƙafafunta bai fi abin da ake faɗa kafin shayi ya huce ba, kuma na shekara 13 ina ɗaukar rayukan mutane ban taɓa jin sa ba.

Wata rana ya fitar da mu fili ya ce in tsaya a wuri ɗaya. Ya yi taku manya-manya guda 28 ya juyo, ya ce wannan ita ce tazarar da mota mai gudun kilomita 100 a awa take ci a cikin sakan ɗaya, wato kusan mita 28, kuma mutum mai lafiya wanda ya yi barci ya ƙoshi yana bukatar sakan ɗaya ko fiye tsakanin ganin haɗari da kai ƙafa kan birki. Ma'ana, kafin birki ya fara aiki ma an riga an wuce inda yake tsaye. Ya ƙara da cewa idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ne. Na dubi nisan da ke tsakanina da shi, na tuna yawan lokutan da na ratsa kasuwannin bakin hanya a guje, yara masu talla suna tsallakawa, jakuna da raƙuma suna gefe, ina taƙama da cewa birkina yana ci.

A nan na koyi cewa taya tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi 4, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma roba tana bushewa da tsufa ko da ba a taɓa hawa kanta ba. Da aka tashi darasin ban je gida ba, na wuce garejin da aka ajiye gawar motata. Tayar tana nan a maƙale da ƙarfenta, ta yage kamar tsumma. Na goge ƙurar da hannun riga na karanta: 1807. Mako na 18 na shekarar 2007. Ta shekara 9 a duniya ranar da na saye ta ina murna da arha. Na kuma buɗe ƙofar direba da ƙyar, na ga 'yar takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda ke nuna adadin iskar da ya kamata a sa wa kowace taya. Na shiga ta wannan ƙofa sau dubbai ban taɓa sanin abin da aka rubuta a wurin ba.

Sauran darussan sun zo da sauƙi bayan wannan. Na san cewa dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya irin tamu, kuma ko a kan tagwayen hanya motar haya ba ta da izinin wuce 90. Na san cewa layin da bai yanke ba yana nufin kada a sha gaban kowa a wurin. Na koyi barin tazara tsakanina da motar gaba, da duba madubi kafin in karkata, da rage babbar fitila idan mota na zuwa. Na koyi cewa wanda ya yi haɗari ba a fizgo shi kamar buhu, domin idan wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu, jan da aka yi masa don taimako shi zai iya nakasa shi har abada, kuma akwai lambar 122 da ake kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kyauta. Hukumar nan tun 1988 aka kafa ta, ina ganin jami'anta kullum, amma ban taɓa kallon su a matsayin komai ba sai masu tare hanya. Malamin ya gaya mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ni dai fuska ɗaya nake gani a cikin wannan adadi. Da na gama, na bi ƙa'ida daga farko, aka gwada idona, jami'in duba motoci ya zauna a gefena ya jarraba ni, na karɓi lasin da na san na cancance shi.

Ba zan ɓoye wahalar da direban haya ke ciki ba, domin ina cikinta. Mai mota yana jiran kuɗinsa kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 lissafin sawu ya ƙara tsuke, sabuwar taya kuma ta yi tsadar da mutum zai yi ta juya kuɗinta a zuciya. Ramuka sun cinye wasu hanyoyin, matsalar tsaro kuma ta sa kowa na son ya isa kafin rana ta faɗi. Fasinjoji ma suna da nasu laifin, domin sau da yawa su ne ke cewa, "Direba, taka mana, ko amarya ka ɗauko?" Duk wannan gaskiya ne. Amma na auna da kaina: tsakanin Sakkwato da Illela, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, bambancin mai gudun 80 da mai gudun 120 bai fi minti 20 da 'yan kai ba, kuma a kan wannan 'yan mintuna ne na sayar da ɗan mutane. Lokacin da aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu a 2017, tasha ta cika da ƙorafi, ni kuwa ban ce uffan ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne yadda muke ci gaba da haifar direbobi irina. Ba a tasha kaɗai ba, har a gidajen masu hali, inda uba zai miƙa wa yaro ɗan shekara 15 makulli don ya iya zagaya fili sau biyu, ranar ɗaurin aure kuma a ga yaran nan suna wasa da motoci a tsakiyar gari ana yi musu tafi. Haka 'yan kabu-kabu, yaro zai zo daga ƙauye yau, gobe ya ɗauki mace da goyo ba hular kwano. A ganina iya motsa mota da iya tuƙi abu biyu ne, kuma na biyun ba a gadonsa, ba a kuma tsintarsa don an daɗe a hanya, sai an zauna an koya. Yaran mota biyu sun tashi a hannuna tun bayan haɗarin, kuma babu wanda na bari ya ɗauki fasinja sai da ya kawo mini takardar makaranta. Babban ɗana ya cika shekara 18 bana, ya iya sa giya tun tuni, amma ya san ba zai taɓa makullina ba sai ya bi ta inda na bi a makare.

Har yanzu hanyar Illela nake bi, sawu biyu a rana, mutum ɗaya a kujerar gaba. Kuɗin da nake kai wa gida ya ragu, mun kuma saba. Kowace shekara bayan sallar layya ina zuwa ƙauyen nan in gaida dattijon, ba ya barina in dawo sai da ɗan buhun albasa. A damunar bara ya aiko cewa idanunsa sun yi hazo, an ce ya je asibiti a Sakkwato, kuma ba ya son ya shiga motar kowa sai tawa. Na je har ƙofar zaurensa na ɗauke shi. Na buɗe masa gaba ya zauna shi kaɗai, ya ɗora sandarsa a tsakanin ƙafafunsa. Na jawo bel na ce, "Baba, bari in ɗaura maka wannan." Ya ɗaga hannuwansa kamar yaron da ake sa wa riga, na zagaya da shi ta kan ƙirjinsa na danna har ya yi ƙara. Muka kama hanya, allurar gudu tana kan 70. Da muka kusa wurin ban ce masa komai ba, ban kuma zaci zai gane ba saboda idon nasa, amma sai ya juya fuskarsa wajen taga ya ce, "Nan ne ko, wajen aduwar?" Na ce, "Nan ne, Baba." Na sa sigina na gangara gefen hanya na kashe mota. Gero ya rufe gonar, ya yi kore shar har gindin itaciyar. Ya ɗaga tafukansa ya daɗe yana addu'a a hankali, ina cewa amin, sannan ya shafa ya ce mu tafi kada mu rasa layin likita.